Gidan da Kotu Ta Karɓe

Wurin karatu: Littafin Firistoci 6:1-7, Luka 19:1-10

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya ɗauko, ya sa yatsa a Luka sura 19, gama can za mu sauka kafin lokacinmu ya ƙare.

Yau za mu fara da wata wasiƙa. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto mana, ta kuma roƙa kada mu faɗi sunanta ko garinta. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, kuɗin ofis suna bi ta hannunsa. Aka kama shi da cin amana, aka yi shari'a, kotu ta same shi da laifi, ta ɗaure shi. Ta ce wannan ta haƙura da shi, domin shi kansa bai yi musu ba. Abin da ya hana ta barci shi ne sauran hukuncin: kotu ta ce gidan da suke ciki ya zama na gwamnati. Yanzu ita da yara huɗu suna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan wanta. Ga tambayarta: “Shi ya yi laifi, an kuwa ɗaure shi. Mu me muka yi? Wannan doka ta ƙwace dukiya, Allah ya yarda da ita?”

'Yar'uwa, mun karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya. Ba za mu ba ki amsar gaggawa ba, ba kuwa za mu faɗa miki abin da zai yi daɗin ji kawai ba. Ki yi haƙuri ki bi mu har ƙarshe.

Da fari bari mu faɗi abin da dokar ƙasarmu ta ce, domin yawancinmu sunanta kawai muke ji a labarai. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 44, ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta tsara. Amma sashen nan ya bar ƙofa: wanda ya karya doka, ana iya karɓe masa dukiya a matsayin hukunci. Ta wannan ƙofa dokar hukumar ICPC ta shekara ta 2000 da dokar hukumar EFCC ta 2004 suka shigo. Sa'an nan a watan Mayu na 2022 aka sa hannu a kan wata doka ta musamman, wadda aikinta shi ne ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, da kuma lura da ita bayan an ƙwato.

Hanyoyin biyu ne. Ta fari, a yi wa mutum shari'a, a same shi da laifi, sa'an nan kotu ta duba abin da ya ci ta karɓe. Wannan ce ta faɗa wa gidan 'yar'uwarmu. Ta biyu, a kai ƙarar dukiyar kanta, ko da ba a hukunta kowa ba tukuna. Kotu za ta riƙe ta na ɗan lokaci, a buga sanarwa cewa duk mai cewa tasa ce ya zo ya nuna inda ya same ta. In ba wanda ya zo, ko ya zo ya kasa, sai ta zama ta gwamnati. Kuɗin da aka ƙwato kuwa, doka ta ce a zuba su a wani asusu na musamman a Babban Bankin Nijeriya. Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Dattawa za su tuna yadda Janar Murtala Muhammed, bayan ya hau mulki a 1975, ya sa aka binciki gwamnoni 12 na gwamnatin da ta gabata, aka sami 10 da laifi, aka karɓe musu dukiya.

To, me Maganar Allah ta ce? Waɗansu suna tsammani ƙwace dukiya dabarar sojoji ce ko ta Turawa. Ku duba Ezra 7:26. Artashate sarkin Farisa ya ba Ezra takardar izini ya naɗa alƙalai, ya kuma lissafa hukunci iri huɗu da za a iya yanke wa mai karya doka: kisa, kora daga ƙasa, ƙwace dukiya, da ɗauri. Ezra bai yi gunaguni a kan takardar ba. Amma wannan umarnin sarkin al'ummai ne, saboda haka mu koma baya wurin Musa, inda Allah da kansa ya ba jama'arsa shari'a.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, Shari'ar Musa ba ta tanadar wa ɓarawo kurkuku ba. Biya ta tanadar masa. A Fitowa sura 22, wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar, shanu biyar zai biya. In tunkiya ce, huɗu. In an sami dabbar da rai a hannunsa, riɓi biyu. Manomi ba ya bukatar a bayyana masa abin da ya sa sa ya fi tunkiya tsada a nan: sa ne yake jan garma, wanda ya sace shi ya sace noman shekara. Watau idon shari'ar yana kan mutumin da aka cuta. Tambayar da alƙali zai fara yi ita ce, me wannan bawan Allah ya rasa, yaya kuma za a mayar masa?

Wurin karatunmu na fari, Littafin Firistoci 6:1-7, ya fi kusa da abin da muke kira cin hanci da rashawa a yau. A nan ba maganar mai haura katanga da dare ake yi ba. Maganar mutumin da aka amince da shi ce: an ba shi ajiya ya musanta, ya yi wa maƙwabcinsa ƙwace, ya yi tsintuwa ya ɓoye, ya kuma rufe duka da rantsuwar ƙarya. Ku canza masa riga, ku ba shi ofis da hatimi, za ku gane shi. Nassin ya kira abin da ya yi cin amanar Ubangiji, ko da yake maƙwabci ne ya yi hasara. Ga kuma magani. Zai mayar da ainihin abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi. Wanda ya ci naira 100,000 zai mayar da 120,000. Sa'an nan ya kawo rago wurin firist domin hadaya. Ku lura da yadda aka jera su: mai kaya tukuna, sa'an nan bagade. Yesu ma ya bi wannan jeri a Matiyu 5:23-24, inda ya koyar cewa mai baiko ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwan da yake da ƙara a kansa, kafin ya dawo ya miƙa baikonsa.

Akwai wani abu kuma da bai kamata ya wuce mu ba. Wanda lamirinsa ya kama shi, ya zo da kansa ya furta, ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai a kansa. Wanda sai da aka kama shi, riɓi biyu ne, ko huɗu, ko biyar. Allah ya sa hanyar tuba ta fi araha. Ku riƙe wannan lissafi, za mu bukace shi a Yariko.

Me ya sa ɗauri kaɗai ko tara kaɗai ba su isa ba? Ƙasarmu ta ga amsar da idonta. A watan Janairu na 2013 wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifin cin kuɗin fansho na biliyoyin naira a gaban wata kotu a Abuja. Aka karɓe masa waɗansu gidaje da kuɗi, aka yanke masa ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya tarar, ya tafi gida. Ƙasa ta ɗauki zafi. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara shida, ta kuma ce ya biya naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2022. Ku yi tunanin abin da hukuncin farko ya koya wa ƙaramin akawu da yake kallo. Ya koya masa cewa sata kasuwanci ce: ka ci da yawa, ka biya kaɗan, ka riƙe riba. Ku kuma yi tunanin masu kuɗin. Tsofaffin 'yan sanda ne da suka yi shekara 35 suna tsayuwa a rana, da gwaurayensu. Waɗansunsu suna zama a bencin baya a majami'unmu, sa'ad da kwanon baiko ya zo wucewa sai su sunkuyar da kai.

Yanzu, 'yar'uwa, mu zo kan gidanki. Kina da gaskiya a abu ɗaya, Littafi kuwa yana bayanki. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye, annabi Ezekiyel kuma ya ba da sura guda, sura 18, a kan wannan magana. 'Ya'yanki ba ɓarayi ba ne. Duk wanda ya nuna su da yatsa a makaranta ko a majami'a ya yi zunubi.

Amma hukunta yaro daban, karɓe abin da ba na ubansa ba daga hannunsa daban. A ce wani uba ya saci akuya ya kawo gida. Yara ba su sani ba. Suka yi murna, suka raɗa mata suna, suna shan nononta kowace safiya. Bayan shekara biyu mai akuya ya zo da shaidu. Yara za su yi kuka sa'ad da ake jan akuyar, kukansu kuwa na gaskiya ne, ba su da laifi ko kaɗan. Duk da haka akuyar ta wa ce? Shekara biyu a gidan wani ba ta canza mai ita ba. In kuwa an tambaya wa ya jawo wa yaran nan wannan kuka, ba mai akuya ba ne, ba kuwa alƙali ba. Mun san wannan magana tana da ɗaci. Sai dai akwai waɗansu yara da ba su rubuto mana wasiƙa ba: waɗanda suke zama a ƙasa a aji domin kuɗin benci sun zama bulo da siminti a gidan wani, da waɗanda uwarsu ta je asibiti aka ce babu magani. Su ma ba su yi laifi ba, sun kuwa riga 'ya'yanki shan wahalar wannan sata.

Saboda haka amsarmu ita ce, i, karɓe abin da aka sata daidai ne a gaban Allah. Manzo Bulus a Romawa 13 ya kira mai mulki ma'aikacin Allah wajen hukunta mai mugunta. Amma ba mu gama da ke ba. In akwai abin da yake naki na halal a cikin gidan nan, filin gado ne, ko kuɗin sana'arki ne kika zuba a ginin, doka ta ba mai irin wannan hakki dama ya zo gaban kotu ya nuna. Ki tattara takardunki da shaidunki, ki nemi lauya. In ba ki da halin biya, akwai hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi taimakon shari'a kyauta, tana da ofisoshi a jihohi. Kada ki yi jinkiri, irin wannan magana tana da wa'adi. Neman hakkinki ba rashin bangaskiya ba ne.

Wannan ya kawo mu ga hatsarin da yake cikin dokar, gama wuƙar da take yanka nama ita ce take yanka yatsa. Ku tuna da Nabot a 1 Sarakuna 21. Yana da gonar inabi a Yezreyel kusa da fadar sarki Ahab. Sarki ya so ya mai da ita lambu, Nabot ya ƙi sayarwa domin gadon kakanninsa ce. Yezebel ba ta aika 'yan fashi ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, aka yi shelar azumi, aka tara jama'a, aka samo shaidu biyu kamar yadda shari'a ta bukata. Kowane abu ya bi ƙa'ida a ido, sai dai shaidun 'yan iska ne da aka shirya. Aka jajjefe Nabot, Ahab ya gangara ya mallaki gonar. A cikin gonar nan annabi Iliya ya same shi, ya kira abin da sunansa: kisa da ƙwace.

Darasin a fili yake. Dokar ƙwace dukiya a hannun Yezebel fashi ce mai hatimi. Shi ya sa dole kotu ce za ta yanke, a fili, bayan an ji ta bakin mai dukiya. Shi ya sa sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne sai an tabbatar da laifinsa. Hanya ta biyu da muka ambata, wadda ake karɓe dukiya ba tare da an hukunta kowa ba, tana da amfani sa'ad da ɓarawo ya gudu, ko ya mutu, ko ya ɓoye kaya da sunan direbansa. Amma ita ce ta fi bukatar alƙali mai tsoron Allah, domin da ita ne ya fi sauƙi a bi abokin hamayya a ƙyale aboki. Maimaitawar Shari'a 19 ta ce mai shaidar zur a yi masa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Da ana bin wannan, da masu rubuta ƙarar ƙarya sun ragu.

Sai kuma tambayar da ta fi damun talakawa: bayan an ƙwato, ina kayan suke tafiya? Littafin Ƙidaya 5:5-8 bai bar wannan a duhu ba. A ba wanda aka cuta. In ba ya nan, a ba danginsa na kusa. Sai in babu kowa ne abin zai koma ga Ubangiji ta hannun firist. Ba a ce mai kama ɓarawo ya riƙe ba. A nan ne muke yawan tuntuɓe. Mun sha ganin motocin da aka ƙwace suna ruɓewa a harabar ofisoshi, ciyawa ta fito ta cikinsu. Mun sha jin gunaguni cewa an yi gwanjon gidaje a ɓoye ga 'yan gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gano mai kaya ma ba kullum yake da sauƙi ba. James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, ya amsa laifi a wata kotu a Landan a 2012, aka ɗaure shi shekara 13. A 2021 Ingila ta dawo da fam miliyan 4.2, gwamnatin tarayya ta ce za ta zuba su a manyan ayyukan hanya da gada. Mutanen Delta suka ce, ai daga tukunyarmu aka ɗiba, me ya sa ba za a mayar cikin tukunyarmu ba? Wanda ya karanta Littafin Ƙidaya sura 5 zai ga ƙarar tasu tana da tushe. Akwai kuma inda aka ga abin da ido. Daga kuɗin da aka gano na marigayi Janar Sani Abacha, dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta dawo da su a ƙarshen 2017 an ware su domin tallafin naira 5,000 a wata ga gidajen matalauta. Dala miliyan 311 da suka dawo a 2020 kuwa an ware su domin hanyar Legas zuwa Ibadan, da hanyar Abuja zuwa Kano, da gada ta biyu a kan kogin Kwara. A Kachiya, kudancin Kaduna, kotu ta karɓe wata jami'a mai zaman kanta a 2024, a 2025 gwamnati ta mai da ita jami'ar tarayya. In ɗan manomi ya shiga aji a wurin, to, kaya sun kama hanyar gida. Hakkinmu ne mu riƙa tambayar wakilanmu lissafi: nawa aka ƙwato, wa ya saya, a kan nawa, ina kuɗin?

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko daga tudun mu dubi ikkilisiya. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu saboda kuɗin jama'a, Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato. Na farkon yana ɗauke da sunan Rabaran. A 2022 aka yi musu afuwa. Ba mu ambace su domin mu tone tsohon miki ba. Mun ambace su domin halin da muke nunawa a irin wannan lokaci. In an kama wanda ba namu ba sai mu ce hukuma tana aiki. In an kama namu sai mu ce tsanani ne. Ma'auni biyu ke nan, Karin Magana kuwa ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'auni biyu.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Ranar gidauniyar ginin majami'a, ma'aikacin da dukanmu mun san albashinsa ya tashi ya yi alkawarin abin da ba zai samu a shekara goma ba. Muka yi tafi, zumuntar mata suka yi guɗa, muka ba shi kujerar gaba. Ba wanda ya tambaya. Ku tuna da manyan firistoci a Matiyu 27. Sa'ad da Yahuza ya watsar da azurfa talatin a Haikali, mutanen da suka ƙulla mutuwar Yesu ma sun san akwai kuɗin da ba a zubawa a baitulmalin Allah. Suka sayi fili da su domin binne baƙi. In su sun san wannan, mu fa? Zakka da baiko ba sa wanke kuɗin sata. In wata rana kotu ta bi sawun kuɗi har ƙofar majami'armu, kada dattawa su ce ana yaƙi da bishara. Su buɗe littafin ma'aji, su mayar.

Yanzu mu buɗe inda muka sa yatsa, Luka 19. Mutumin nan Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai arziki ƙwarai. Romawa suna da abin da suke bukata daga gare shi, abin da ya tatsa a kan wannan kuwa aljihunsa yake shiga. Babu hukumar da take binsa, gwamnatin ma ita ce ta ɗaure masa gindi. Babu kotun da za ta taɓa gidansa. Gajere ne, sai ya hau itace domin ya ga Yesu. Yesu ya tsaya, ya kira shi da sunansa, ya ce a gidansa zai sauka. Jama'a suka yi gunaguni, kada kuwa mu yi saurin ganin laifinsu: kujerar da Yesu zai zauna a kai da kuɗinsu aka saye ta.

Ku lura, Yesu bai kafa masa sharaɗi a gindin itacen ba. Bai ce ya fara biya kafin ya shiga ba. Alheri ne ya fara shiga gidan. Ba a sayen ceto da mayar da kaya, jinin Almasihu ne ya biya wannan. Amma da alheri ya shiga, kayan sata suka kasa zama. Zakka ya miƙe a gaban mutane ya yi alkawari biyu: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa riɓi huɗu. Ku dawo da lissafin da muka ce ku riƙe. Zakka da kansa ya furta, ba kama shi aka yi ba, saboda haka ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ne shari'a take nema a wurinsa. Shi kuwa ya ɗora wa kansa hukuncin ɓarawon tunkiya da aka kama, irin hukuncin da Dawuda ya yanke da bakinsa a gaban annabi Natan. Ku yi lissafin abin da zai rage masa bayan rabi ya tafi, sauran kuma ana biyan huɗu huɗu daga ciki. Wataƙila iyalinsa ma sun bar babban gidan. A wannan rana ce Yesu ya ce ceto ya zo gidan, ya kuma kira shi ɗan Ibrahim.

Ɗan'uwa mai sauraro, mai yiwuwa ba biliyan ce a hannunka ba. Kuɗin taki ne na manoman ƙauye, ko albashin ma'aikacin da ya mutu tuntuni amma sunansa yana cikin takarda, ko asusun zumunta da aka ba ka ajiya, ko filin marayun ɗan'uwanka. EFCC ba za ta taɓa jin labarinka ba. Ka san mai shi, ka san adadin. Ka je wurin fastonka ko wani dattijo mai riƙon asiri, ku zauna ku rubuta, ku shirya yadda za ka biya, ko da kaɗan kaɗan ne. In mai shi ya rasu, 'ya'yansa suna nan.

Ku kuma dattawan ikkilisiyar 'yar'uwar nan, in kuna jinmu, kun san ko wace ce. Sa'ad da mijinta yake rabon kuɗi kun san hanyar gidansu. Ɗakin da take ciki yanzu ma yana da ƙofa. Yara huɗu suna bukatar kuɗin makaranta, ita tana bukatar jari da wanda zai raka ta wurin lauya, mijinta kuma yana bukatar wanda zai ziyarce shi a kurkuku ya karanta masa Luka 19.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, muna kawo 'yar'uwar nan da 'ya'yanta a gabanka, ka ba su wurin zama da abinci. Ka sadu da mijinta a inda yake. Ka ba alƙalanmu da masu bincike tsoronka, ka tsare hannun waɗanda aka ba ajiyar abin da aka ƙwato. Ka tuna da tsofaffin da suke jiran fanshonsu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Nehemiya sura 5, labarin gwamnan da ya yi shekara 12 bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba. Ku karanta kafin lokacin. Sai mun sadu.